Faɗan Da Babu Ruwanka? Kiristoci Da Marasa Addini A Wayoyin Njamena

Hausawa na cewa faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. To, akwai wani faɗa da matasanmu na nan Njamena suka daɗe suna kallo a cikin wayoyinsu, wasu suna dariya, wasu suna tura wa abokai, wasu ma har sukan tsoma baki su ƙara wa wutar itace. Faɗan kuwa shi ne wanda ake gwabzawa a shafukan Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp tsakanin maƙwabtanmu Kiristoci da wasu 'yan'uwansu na jini waɗanda suka ce su kam sun bar coci, ko ma sun daina yarda akwai Allah ɗungurungum. Galibin rubutun da Faransanci ake yin sa, in rai ya ɓaci a koma Ngambay ko Sara ko Larabcin kasuwa, don zagi ya fi shiga da harshen uwa.

Wanda bai taɓa leƙawa ba, ga yadda abin kan faro. Wani zai saka hoton bidiyo na wani fasto yana ɗora hannu a kan mara lafiya, ko yana kiran jama'a su kawo baiko. Sai wani ya rubuta a ƙasa cewa ai wannan addini Bature ne ya kawo shi a jirgin ruwa tare da bulala, shi kuma fasto motarsa da kuɗin gwauraye ya saye ta. Nan take wani mai bi zai mayar masa da martani, ya kira shi wawa, ɗan wuta, wanda Shaiɗan ya shige shi. Kafin a yi sharhi goma an bar zancen Allah, an koma kan uwar wane da ƙauyen wane. Kafin a yi hamsin wani ya tono hoton abokin gardamarsa, ya faɗi unguwarsu, Mursal ce ko Shaguwa ko Waliya, ya ce in ya isa su haɗu. Lokacin Kirsimeti da Ista abin ya fi zafi, haka kuma duk sa'ad da aka shiga lokacin al'adar yondo a ƙauyukan kudu.

Mai karatu zai ce to mu ina ruwanmu? Mu Musulmi ne, kuma 'yan tsiraru a ƙasar nan, kasuwa da sana'a suka dame mu. Za mu zo kan wannan. Amma bari mu fara sanin su wane ne masu faɗan.

Su Wane Ne "Marasa Addini"?

Ƙidayar jama'a ta 2009 ta nuna Musulmi sun kai kashi 58 cikin ɗari na mutanen Chadi, 'yan Katolika kashi 18 da rabi, 'yan Furotesta kashi 16, masu bin addinin gargajiya kashi 4, sai waɗanda suka ce ba su da addini kashi 2 da 'yan kai. A ƙidayar 1993 masu addinin gargajiya sun kai kashi 7, marasa addini kashi 3. Ka ga ke nan a takarda raguwa ma suka yi. A waya ne muryarsu ta ƙaru.

Sai dai a bakin mutanenmu duk an haɗa su an ɗaure da igiya ɗaya, an ce arna ne ko kafirai, alhali kuwa ba ɗaya suke ba. Akwai dattijon ƙauye wanda bai taɓa shiga coci ba, yana bin abin da ya tarar kakanninsa na yi. Shi wannan bai musa Mahalicci ba, kuma ba kasafai yake da Facebook ba. Akwai ɗan boko wanda aka yi wa baftisma yana jariri, ya yi waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci, ya tafi karatu Yawunde ko Dakar ko Faransa, ya dawo ya ce shi yanzu hujja kawai yake bi, abin da ba a gwada ba bai yarda da shi ba. Sannan akwai kashi na uku, su ne suka fi yawan magana da zafin baki, wato masu cewa baƙar fata ya koma ga addinin kakanninsa. A ƙasashe masu magana da Faransanci ana kiransu 'yan Kemit, daga tsohon sunan ƙasar Masar. Suna yawan jingina da littattafan Cheikh Anta Diop, masanin nan ɗan Senegal wanda tun a 1954 ya kafa hujja cewa wayewar Masar ta dā ta baƙar fata ce. Abin lura shi ne shi Diop ɗin a gidan Musulmi aka haife shi, ya kuma yi karatun allo, aikinsa na tarihi ne da harsuna. Amma a waya wa ke da lokacin wannan?

A ɗaya ɓangaren ma ba kowa ke faɗan ba. Fada-fada na Katolika da tsofaffin fastocin majami'un bishara ba safai za ka gan su suna cacar baki a ƙarƙashin hoton wani ba. Masu riƙe da fagen galibi matasa ne na sababbin majami'un farkawa, waɗanda aka koya musu cewa duk wanda ya yi shiru aka taɓa sunan Ubangiji ya yi musun sa.

Tsohon Miki

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ɗauka wannan gardama kwaikwayon Turawa ce kawai, wai don a Amurka da Ingila ana yin irinta, bai san tarihin kudancin ƙasar nan ba.

Kiristanci a Chadi bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. 'Yan mishan na Furotesta sun shigo ta Lere a 1920, 'yan Baftis na Amurka suka zauna kusa da Fort-Archambault, wato Sarh ta yau, a 1925, su kuma fada-fadan Katolika suka kafa tasharsu ta farko a Ku, kusa da Mundu, a 1929. Ma'ana, akwai Kiristoci da yawa a garin nan waɗanda kakansu da suka sani da ido bai taɓa shiga coci ba. In aka ce wa irin wannan mutum ya watsar da kakanninsa ya bi Bature, ba wani tsohon labari ake faɗa masa ba, kakansa na gida ake nufi. Shi ya sa maganar ke sukar sa har ƙashi.

Daga nan sai zamanin Tombalbaye. Shugaban Chadi na farko, ɗan ƙabilar Sara, malamin makaranta ne wanda ya tashi a hannun 'yan mishan na Furotesta. A 1973, yana koyi da Mobutu na Zayar, ya rushe jam'iyyarsa ta PPT ya kafa wata sabuwa ta "juyin al'adu", ya hana sunayen Turawa, shi da kansa ya yar da François ya koma Ngarta. A wannan shekara ce Fort-Lamy ta zama Njamena. Da a nan ya tsaya da ba wanda zai yi kuka. Amma sai ya tilasta yondo.

Yondo al'adar Sara ce ta shigar da yaro cikin sahun maza. Akan kwashe samari a kai su daji na makonni, a hore su, a koya musu wani harshe na asiri, a ba su sabon suna, su dawo a matsayin sababbin mutane. Mata da waɗanda ba su shiga ba ba a gaya musu abin da ya faru a can. Majami'un Furotesta tun farko sun haramta wa mabiyansu, sun ce akwai tsafi a ciki. Shi kuwa Tombalbaye ya mai da shi sharaɗin aikin gwamnati ga 'yan kudu. Tsakanin tsakiyar 1973 da Afrilun 1974 an ƙiyasta ma'aikata kusan 3,000 aka tura daji, har da ministoci biyu da kanar ɗaya na soja, mutane masu furfura da iyali. Waɗanda suka ƙi sun ɗanɗana kuɗarsu. An rufe majami'u, an kori 'yan mishan na Baftis daga ƙasar, an kashe fastoci da masu wa'azi. Abin bai tsaya ba sai ran 13 ga Afrilu 1975 da soja suka kashe Tombalbaye, Janar Félix Malloum ya hau.

To, jama'a, ku duba. Yaron da yau ya rubuta a Facebook cewa a rufe coci a koma ga kakanni, shi a ganinsa sabon tunani ya kawo, na 'yantar da baƙar fata. Amma wanda ke karanta shi a Mursal wataƙila jikan wanda aka kashe ne don ya ƙi shiga daji. A kunnensa wannan ba falsafa ba ce, muryar gwamnatin da ta kashe kakansa ce ta dawo. Shi kuma wancan yaron, in an kira shi matsafi ɗan wuta, abin da yake ji shi ne muryar ɗan mishan da ya ce wa kakarsa duk abin da ta gada ƙazanta ne. Kowannensu da gawar da yake ɗauke da ita, kuma ba wanda ya gaya wa ɗan'uwansa. Har yau ɗin nan, in lokacin yondo ya zo a yankin Mandul da Tsakiyar Shari, akan ji majami'u na kukan an kama 'ya'yansu da ƙarfi an kai daji, su kuma sarakunan gargajiya na kukan masu wa'azi suna tona asirin al'ada suna yi mata ba'a. Abin da dā akan kashe shi a gaban hakimi, yanzu kafin rana ta faɗi ya iso wayoyin Njamena da Paris.

Ni dai a nawa ganin, kowane ɓangare na da inda yake yaudarar kansa. Mai ba'a yana cewa shi tambaya kawai yake yi, amma tambayar da aka fara da "ku tumaki" ba amsa take nema ba. Wasu tambayoyin nasa kuwa na gaskiya ne, musamman kan fastocin da suka mai da mara lafiya jari, kuma Kiristocin kirki su ma suna yin wannan ƙorafi a cikin gida. Shi kuma mai bi yana cewa Allah yake karewa, alhali sau da yawa girman kansa ne aka taɓa. Sai dai kuma nauyin ba ɗaya ba ne. Kirista in an yi masa ba'a ransa zai ɓaci, ran Lahadi ya tafi coci ya tarar da ɗaruruwan irinsa. Shi kuwa wanda ya fito fili ya ce bai yarda da Allah ba, abin da yake sa wa a caca ya haɗa da uwarsa, da matar da zai aura, da mai ba shi aiki, har da masu ɗaukar gawarsa. Shi ya sa da yawansu da sunan ƙarya suke rubutu, mai sunan ƙarya kuwa bakinsa ba linzami.

Abin Da Ya Ci Doma

Yanzu mu dawo kan tambayar ina ruwanmu. Duk wanda ya bi irin wannan gardama zuwa ƙasa ya san ba ta ƙarewa a kan coci. Mai cewa Kiristanci addinin Bature ne, a numfashi na biyu zai ce Musulunci na Balarabe ne. Ba ruwansa da cewa Musulunci ya shiga fadar Kanem tun ƙarni na 11, kusan shekara 800 kafin Bature ya taka bakin Shari. Zai tuno maka da hare-haren kama bayi da Bagirmi ta riƙa kaiwa ƙasar Sara, kuma wannan ya faru, ba ƙarya ya yi ba. Shi kuma Kiristan da aka matsa wa lamba, hanyar kuɓutarsa ita ce ya ce, in kai namiji ne je ka faɗa wa Musulmi haka. Shi ke nan an jawo mu ciki, ko mun so ko mun ƙi. Yaronmu da ɗazu yake dariya ana zagin fasto, yanzu shi ne jikinsa ke rawa yana rubuta abin da in mahaifinsa ya gani sai ya riƙe baki.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ya kamata a faɗe ta ko da ba daɗi. In mara addini ya caccaki coci, akan sami Musulmi suna tura rubutun suna cewa kun ji daga bakin ɗanku. In ya juyo kan Musulunci, sai Kiristoci su ɗauka su ma suna yaɗawa. Kowa na aron wuƙarsa ya yanki maƙwabci, ya manta wuƙar ba ta da kube.

Sannan ga kalmomi. A Larabcin garin nan akwai "kirdi", a bakin 'yan kudu akwai "dum" da suke kiran Musulmi, mu kuma muna da "arne". Bahaushe ya zauna da Bamaguje a ƙasar Kano da Katsina shekaru aru-aru, ana cin kasuwa ɗaya, har da wasan barkwanci a tsakani. A can, fuska da fuska, murmushi kan rage wa kalma dafi. A rubuce ba murmushi. Kalmar da ka furta a rumfa iska ta ɗauke, wadda ka rubuta tana nan, ana ɗaukar hotonta, a fassara ta yadda aka ga dama, a tura wa mutum dubu waɗanda ba su san ka ba sai dai sun ga sunanka na Bahaushe.

Garin nan kuwa ya san kuɗin wannan. Ran 12 ga Fabrairu 1979, rigimar da ta tashi a makarantar Lycée Félix Éboué ta rikiɗe ta zama yaƙi tsakanin dakarun Firayim Minista Hissène Habré da sojan Shugaba Malloum. Faɗan na mulki ne, amma cikin 'yan kwanaki ya sa rigar addini da ta yanki. 'Yan kudu suka kwashe iyalansu suka bar Njamena, an kashe wasunsu a nan da wasu garuruwan arewa. A Mundu da Sarh da ƙauyukan kudu aka juya kan Musulmi, galibinsu 'yan kasuwa da suka shekara da shekaru a can, aka kashe ɗaruruwa. Ba wanda ya tsaya tambayar wane ne ɗan Habré, wane ne mai sayar da goro kawai. Sai da aka kwashi shugabannin zuwa Kano a watan Maris, aka sake komawa a Afrilu, sannan Legas a Agusta, kafin a haɗa gwamnatin riƙon ƙwarya. Ita ma ba ta hana yaƙin 1980 ba, wanda ya kora mutanen gari zuwa Kusuri, ya kuma rusa babban cocin Katolika na Notre-Dame, wanda sai a 2023 aka kammala babban gyaransa. Tun daga wancan lokaci garin ya rabu, unguwannin arewa na Musulmi, na kudu na Kiristoci, kasuwa da ofis da asibiti ne mahaɗa. Wanda ba shi da babbar ƙabila a bayansa, ba shi da janar, ba shi da yanki, shi ne farkon wanda ake takawa in an ruɗe. Dattawanmu da suka tsallake kogi a kwalekwale da 'ya'ya a kafaɗa suna nan da ransu, a tambaye su.

Injin Da Ke Hura Wutar

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ita kanta na'urar ba 'yar ba-ruwanmu ba ce. Kamfanonin nan da talla suke cin abinci, talla kuwa sai mutum ya daɗe yana kallon waya. Rubutun da ya tara sharhi da yawa shi injin ke ɗagawa ya nuna wa ƙarin mutane, kuma ba abin da ke tara sharhi kamar zagin abin da mutum ke bauta wa. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin. A ciki aka ga cewa akwai lokacin da alamar fushi da sauran alamomin motsin rai ke da maki biyar a lissafin injin, alhali alamar "na so" maki ɗaya gare ta. Daga baya sun sauya lissafin. Takardun sun kuma nuna mafi yawan ƙarfin tace munanan kalamai a kan Ingilishi aka zuba shi, har Larabci ma, da yawan masu jin sa, injin na tuntuɓe a karuruwansa. To ina ga Ngambay? Saƙon murya na WhatsApp kuwa a kulle yake tafiya, daga mai aikawa sai mai karɓa.

Ita gwamnati maganin da ta sani shi ne ta toshe rijiyar baki ɗaya. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata goma sha shida, an rufe Facebook da WhatsApp da sauransu a Chadi. A Yulin 2020, bayan wani kanar ya harbe wani makanike a kasuwar Champ de Fil hotuna suka bazu, an sake shaƙe intanet, gwamnati ta ce don hana yaɗa saƙonnin ƙiyayya ne. Masu faɗa suka koyi zagayawa ta bayan gida, ɗan kasuwar da ke jiran hoton kaya daga Kano ko Dubai shi ya kwana a ciki. A 2025 kuma wani saƙon murya da ya yi yawo a wayoyi na cikin hujjojin da aka kai gaban kotu a shari'ar tsohon Firayim Minista Succès Masra bayan kashe-kashen Mandakao, aka yanke masa shekara 20, lauyoyinsa suka ce siyasa ce. Wannan ba shari'ar addini ba ce, amma ta nuna abin da ke cikin waya yanzu yana kai mutum gaban alƙali.

Tsallaken Iyaka

Mu Hausawan Chadi ƙafarmu ɗaya a nan take, ɗaya a Nijeriya da Nijar. Wa'azin da muke saurare, da zaurukan dangi, da labaran da ke shigo mana, yawancinsu daga can suke. Don haka abin da ya faru a can ya shafi yadda yaranmu ke kallon wannan gardama.

A kudancin Nijeriya rikicin Kiristoci da marasa addini ya taɓa fita daga baki ya koma hannu. A Yulin 2009 a Kalaba, mabiyan majami'ar Helen Ukpabio suka afka wa wani taro da Leo Igwe, jagoran masu ra'ayin ɗan'adamtaka ba tare da addini ba, ya shirya kan yaran da ake yi wa ƙazafin maita, suka yi masa duka. A arewa kuwa kowa ya san labarin Mubarak Bala, ɗan Kano, wanda ya shugabanci ƙungiyar irin waɗannan mutane a Nijeriya. An kama shi a Kaduna ran 28 ga Afrilu 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, babbar kotun Kano ta yanke masa shekara 24 a Afrilun 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024, daga baya aka sake shi. Sai kuma Deborah Samuel, ɗaliba Kirista a kwalejin horon malamai ta Sakkwato, wadda aka kashe ran 12 ga Mayu 2022 a kan saƙon murya da ta aika zauren WhatsApp na ajinsu. 

Chadi ba Kano ba ce, ba kuma Sakkwato ba. Tsarin mulkin 1996 da na 2018 da wanda aka amince da shi a ƙuri'ar raba-gardama ta Disamba 2023 duk sun ce gwamnati ba ta da addinin kanta, kowa na da 'yancin ya yi imani ko kada ya yi. Tun na 1996 aka kuma haramta duk wata farfaganda ta ƙabila ko yanki ko addini da za ta raba kan ƙasa. Yaron da ya kwaso zafin wani malami na ƙetare ya rubuta a shafin ɗan Mursal cewa hukuncin irinka kisa ne, ya sani a dokar ƙasar da yake zaune shi ne mai laifi. Haka kuma wayar da ke aljihunsa ita zai tsallaka da ita Kusuri, ya wuce Maiduguri, da duk abin da ya tura da wanda aka turo masa. Malamanmu sun sha jawo aya ta 108 a Suratul An'am, wadda ta hana zagin abin bautar wasu don kada su rama da abin da ya fi muni. Su ma Kiristoci a wasiƙar Bitrus ta fari an umarce su da su ba mai tambaya amsa cikin tawali'u. Kowa na da birki a littafinsa, takawa ce ba a yi.

Wani abin ban mamaki shi ne, waɗannan masu zagin juna sun taɓa samun kansu a layi ɗaya. Tsarin mulkin Mayu 2018 ya kawo rantsuwa ta addini ga manyan ma'aikata, kuma lafazin da aka tsara da sunan Allah yake, da kalmar Larabci. Ran da ake rantsar da ministoci, Rosine Amane Djibergui, Kirista da aka ba ma'aikatar jiragen sama, ta ce addininta bai yarda ta yi wannan rantsuwa ba. Nan take Shugaba Idriss Déby ya sauya ta da wani janar. Madeleine Alingué kuwa ta musanya kalmar da ta Faransanci, aka bar ta ta wuce. Majami'u suka yi ta kuka, haka ma masu cewa gwamnati ba ta da hurumin tambayar imanin kowa, har aka cire rantsuwar a gyaran tsarin mulki na Disamba 2020. Dokar da ke kare wanda ya ƙi rantsuwa saboda Linjila, ita ce ke kare wanda ba shi da littafin da zai dafa, ita ce kuma ke kare masallacin Bahaushe a Mundu ko Doba inda Musulmi ne 'yan kaɗan.

Akwai wuraren zama a garin nan, ba a ce babu ba. Cibiyar Al-Mouna, wadda cocin Katolika ya kafa a 1986, ta daɗe tana haɗa Musulmi da Kirista a kan karatu da tattaunawa, haka ma CEFOD da ɗakin karatunta. A zamanin Déby aka keɓe ranar 28 ga Nuwamba don addu'ar zaman lafiya da zaman tare, inda aka saba ganin shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci, da babban bishop na Katolika, da jagoran haɗaɗɗiyar ƙungiyar majami'un bishara ta EEMET suna zaune a jere. Marigayi Shaikh Hissein Hassan Abakar, wanda ya rasu a Janairun 2018, da marigayi Bishop Mathias Ngartéri, wanda ya riga shi a 2013, sun yi wa wannan zama hidima ƙwarai, kuma ya kashe wuta ba sau ɗaya ba.

Amma kujerun wannan dandali uku ne. Mbang na Bedaya, wanda shi ne uban al'adar yondo a wurin Sara Majingay, ba ya cikin ukun. Ɗan bokon da ya bar coci kuwa ba a ma san da wane suna za a gayyace shi ba, shi ma ba zai yarda ya miƙe a zauren taro ya faɗi sunan mahaifinsa ba. Kashi 4 da kashi 2 ɗin nan na ƙidayar 2009, in an haɗa su a ƙasar da a lokacin take da mutum miliyan 11, sun haura mutum dubu 600.